Sunanki a Gindin Kwano

Daga Allah muka fito, kuma duk tsawon yawon mutum can zai koma. Ranar Talata, 8 ga watan Yuli, 2025, da hantsi, Miss Ozella Boykin ta rasu a gidanta da ke Orange Mound, nan Memphis a Amurka, tana da shekara saba'in da ɗaya. Zuciyarta ce ta tsaya. Maƙwabciyarta ta hango ta zaune a kujerar baranda, tiyo yana ta zuba a gindin tumatir har ruwa ya gangaro titi, ta ce a ranta wannan ba halin Ozella ba ne, matar da ke wanke takardar alminiyam ta shanya don ta sake rufe abinci da ita.

Miss Ozella, ina shago lokacin da 'yarki Renita ta kira ni daga Atlanta. Riguna nake bugawa, na wani yaro mai suna Kentrell da aka harbe a ƙarshen makon. Hotonsa a tsakiya, gajimare a baya, ranar haihuwa da ranar mutuwa a ƙasa. Kin san sana'ata, Miss Ozella, rabin abin da nake ci daga fuskokin matattu yake fitowa. Na ajiye wayar na ci gaba da danna injin, domin uwar yaron za ta zo karɓa da rana, kuma mutuwarki ba ta ɗage jana'izarsa ba. Sai da ta zo ta tafi na kulle ƙofa na zauna a ƙasa.

Taki kam ban buga ba, ko da matan coci suka roƙa. Kin gargaɗe ni tun kina da rai: "Ashana, ranar da ka manna fuskata a riga da fukafukan kaza, ko ina ƙasan kabari sai na taso na shaƙe ka."

A wurin jana'iza mutane sun yi ta miƙewa suna cewa ke mai sanyin hali ce, ba a taɓa jin muryarki ba. Allah ya yafe musu, a gaban gawa suka yi ƙarya. Ni na san ki, kuma ba don sanyi na ƙaunace ki ba. Ranar da na fara ganinki, 'yan shekarun baya, turo ƙofar shagona kika yi ba gaisuwa, kika ce, "Wa ya rubuta allon nan na waje?"

Na ce ni ne.

"Haruffan nan rikicin gado suka yi? Wasu sun cakuɗe kamar 'yan rawa, wasu sun ja gefe ba sa magana da kowa."

Na ce, "Tsohuwa, riga za a buga miki, ko wa'azi kika kawo?"

Kika dube ni ta saman tabarau. "Kai, ɗan nan, ashana ne kai? Ko goga ka ba a yi ba ka kama da wuta."

Sunan da ya bi ni ke nan. Washegari kika dawo da ma'auni da wani tsohon littafin zanen haruffa wanda bangonsa ya rabu, kika sa ni na sauke allon na sake shi tun daga farko, kina zaune a kan bokitin fenti kina cin gyaɗata. Na bar makaranta ina ɗan shekara goma sha shida. Duk abin da na sani daga akwatin tsofaffin littattafan da laburare ke ajiyewa a bakin ƙofa na tsinto shi, ba tsari, ba mai gyara mini. Malaman da na sani a baya, in sun ga littafi a hannuna, tambayarsu ita ce, "Ka gane kuwa?" Ke kuwa in na dawo miki da naki, cewa kike, "To, a ina ya yi ƙarya?" Ba wanda ya taɓa girmama ni kamar haka.

Waɗanda ba su sani ba su sani: matar nan ta yi karatun zane a Chicago, kuma matan cocinsu ne suka kai ta, da kifin da suke soyawa suna sayarwa ranar Juma'a. Ta yi shekaru a wani kamfanin talla tana zana abin da wasu ke zuwa su karɓi lambar yabo a kansa. Da ta gaji ta dawo gida. Tun daga nan, mafici nawa ne a cocin garin nan, allon aski nawa, takardar jana'iza nawa suka fito daga hannunta, ba wanda zai iya faɗa, domin ba ta sa hannu a aikinta. In iyali ba su da halin biya, takardar jana'izarsu takan fi ta masu hali kyau, na lura da wannan, kuma da na faɗa mata ta ce in kama bakina.

Ke kika hana ni karɓar kowane hoto aka miƙo mini. Abokan mamaci sukan kawo wanda ya ɗaure fuska yana nuna yatsu. Kika ce, "Koma wurin uwarsa ka ce ta ba ka wanda yake dariya. Ita za ta ajiye rigar nan har ta mutu, ba su ba." Kuma ke ce ba kya kai abincin makoki a makon farko. Kinkan ce a makon farko firji cike yake, gida cike yake, ba a ma san wa ya zo ba. Sai an watse, sai waya ta daina ƙara, sannan a gan ki kina hawa matakala da kwano a hannu, kina haki, kina zagin wanda ya gina matakalar.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni barci tun da kika tafi.

A farkon shekarar nan ƙaramin gidan tarihin unguwarmu ya shirya baje koli a kan yadda baƙaƙen fata na garin nan suka daɗe suna taimakon junansu, za a buɗe a watan Agusta. Aka ba ki aikin fuskar abin gaba ɗaya: tambari, launi, salon rubutu, fosta, katin gayyata, da abin da mutum zai fara gani in ya shigo. Hannunki ya fara rawa, saboda haka kika ce tare za mu yi, rabi da rabi, kuma kika sa aka rubuta haka. Ni kuwa da fushina na zo.

"Taimako? Miss Ozella, taimako shi ne sunan da mai kuɗi ke raɗa wa bokiti ɗaya da ya mayar bayan ya kwashe kogi."

"A wane littafi ka sato wannan?"

"Nawa ne."

"Shi ya sa ya yi tsawo. Ɗauko fensir."

Na zana itace mai rassa, kika ce kamfanin inshora. Na zana zuciya, kika ce asibiti. Na zana hannu biyu, ɗaya a sama yana bayarwa, ɗaya a ƙasa yana karɓa, kika yage shi a gabana. "Ka taɓa ganin wata mata a cocinmu ta miƙa wa wata abu daga sama? Ta gefe ake tura shi, ido yana kallon wani wuri." Muka yi makonni a haka, kwandon shara yana cika, ni ina cika fiye da shi.

Rannan kika ce in kai ki coci da mota, za ki ɗauko kwanonki. Muka sauka ɗakin ƙasa, kicin ɗin zumuntar mata, inda Mama Idella Gaines ke mulki tun kafin a haife ni. Kina neman naki, kina ɗaga kwanuka kina juyawa ɗaya bayan ɗaya. Na san al'adar, wa bai sani ba? Uwata ma tana yi. Mace in za ta kai abinci gidan makoki ko gidan mara lafiya, sai ta yanki salatif na takarda ta manna a gindin kwanon ta rubuta sunanta, don kwanon ya san hanyar gida. Mai ci ba ya gani. Sai mai wanke-wanke. Kuma ba a mayar da shi wayam, ko lemo biyu ne a sa a ciki. Na sani, amma ban taɓa tsayawa na kalli abin ba.

A can ƙurya akwai wata kanta cike da kwanuka, ƙura ta hau su. Kika tambaya.

Mama Idella ta ce, "Waɗannan marayu ne. Masu su sun kawo abincin makokin wani, kafin su dawo ɗauka aka yi nasu." Ta ɗaga ɗaya ta juya. "Willa Mae Suggs. Ba a taɓa binne mutum a cocin nan babu wakenta ba. Gishiri yakan yi mata yawa, Allah ya jiƙanta, amma dai tana kawowa."

Kika karɓi kwanon kika duba gindinsa. Sannan kika ce, "Ashana, je mota ka ɗauko na'urar hoto."

Daga wannan kantar aikin duka ya fito. Fostar, kwano ne da aka rufe da takardar alminiyam, an ɗauko shi daga sama, ba hannu, ba fuska, ba a ma san abin da ke ciki ba. In ka juya bayan fostar, ko katin, ko jakar baje kolin, sai ka ga guntun salatif ruwan ƙasa da suna a kansa. Haruffan ba daga kwamfuta muka ɗauko su ba, daga hannun matan nan muka kwafe su, da karkacewarsu da rawar biro da komai. Kuma a bakin ƙofa, inda ko'ina a ƙasar nan ake kafa bango a jera sunayen masu ba da gudummawar kuɗi, mai yawa da manyan haruffa, mai kaɗan da ƙanana, kika ce ba bango. Dogon tebur za a shimfiɗa kamar na abincin makoki, a jera kwanuka, kowane suna a gindin kwanonsa, attajiri da mai wanki duk ɗaya. Mai son sani ya ɗaga.

Ban taɓa yin aikin da na yarda da shi haka ba. Na daina ma zagin kalmar taimako, na ɗan lokaci.

Sai muka kai wa kwamiti. Shugaban kwamitin shi ne Dakta Lucius Hairston, tsohon malamin tarihi, dogon mutum mai kwat ko ana narkewa da zafi. Ya duba, ya cire tabarau, ya ce aikin yana da kyau amma ba zai yarda ba.

"Ozella, kakata wanki take yi wa fararen fata har yatsunta suka lanƙwashe. Daga wannan wankin ta ba da rabonta aka gina makarantar ƙauyenmu. Je ki karanta allon da ke jikin ginin. Sunan wani attajiri ne daga arewacin ƙasar nan. Na ƙarar da rayuwata ina tono sunayen mutanenmu daga ƙarƙashin ƙasa, yanzu ki ce in mayar da su ƙarƙashin kwano? A bango nake son su. Da manyan haruffa. Jikokinmu su shigo su ɗaga kai."

Ni da bakina. Na ce, "Dakta, faɗi gaskiya mana, naka sunan kake son gani da ruwan zinariya."

Bai ko dube ni ba. A mota, da danja ta tsayar da mu, kika juyo gare ni.

"Baki shi ke yanka wuya, Ashana. Mutumin nan ba ƙarya yake ba. Shi ya sa abin yake da wuya."

"To mu ne ke ƙarya?"

"Mu ma ba ƙarya muke ba. Tuƙa, an ba ka hannu."

Haka kuka yi ta ja, ke da shi, har zafi ya shigo. Ba ki sauka ba, bai sauka ba. Ranar Lahadin ƙarshe kin biyo ta shagona bayan coci da shuɗin kwanon gilashinki, taliya da cuku, da ɗuminta. "Ci, ka koma kamar kara. Kwanona ya dawo, kuma ka san doka." Na ce na ji, ban ma ɗago kai daga injin ba. Talata kika tafi.

Ba a yi kwana uku ba kwamiti ya zauna, domin maɗaba'a tana jira, ranar Litinin bayan jana'iza dole a kai mata aiki ko a buɗe baje kolin da bango tsirara. Dakta ya miƙe ya yi magana mai kyau a kanki. Sannan ya kawo shawara: a watsar da maganar teburin kwanuka, a kafa bango, kuma a sa sunanki a can sama da kowa, don girmamawa. Kowa ya ce amin.

Miss Ozella, yaya mutum zai miƙe ya ce kada a girmama mamaci? Matar da ta yi shekara arba'in ba ta sa hannu a aikinta ba, za a rataye ta a sama da ruwan zinariya, a kan bangon da ta mutu tana ƙi. Na ce musu, "Jira kuka yi ta mutu ku kayar da ita da ƙuri'a." Wata ta fara kuka. Dakta ya ce a ɗage maganar sai an binne ki. Na fita na san na yi asara, domin da fushi ba a taɓa cin kwamiti ba, kuma ba ni da wani makami sai shi. Na gaji. Na gaji da jana'iza, na gaji da zama gaban tsofaffi ina ihu, na gaji da jin muryar kaina.

Asabar aka binne ki. Bayan an dawo daga maƙabarta aka sauka ɗakin ƙasa cin abinci, kaza da ganye da burodin masara, tebur har yana lanƙwasa. Ban iya zama ana dafa mini kafaɗa ana cewa tana wuri mafi kyau ba, sai na tsere kicin na kama wanke-wanke. Mama Idella ta miƙo mini soso.

Ina wankewa ina juyawa, kamar yadda kika koya wa hannuna. Sai wani farin kwano ya zo, dankali ne aka gasa a ciki, gefen duk ya ƙone. Na juya. Salatif ɗin ya tsufa har ya yi duhu, an bi kansa da wani salatif mai haske, an sake bi, an sake bi, don kada ruwa ya taɓa. Coretha Hairston. Matar Dakta, wadda ta rasu tun ina ƙarami.

"Kada ka goge wurin da soso, yaro. Hannunta ne."

Dakta ne, yana tsaye a bayana, ba kwat, ya naɗe hannun riga. Ban taɓa ganin gwiwar hannunsa ba sai ranar.

Mama Idella ta ce, "Kowane makoki sai ya kawo shi, kuma kowane makoki sai ya ƙona. Lucius, na ce maka ka rage wuta, matarka ma ta gaya maka."

"Idella, ki bar ni in ji da abu ɗaya."

Ya karɓi kwanon daga hannuna, ya ɗauki tawul yana gogewa a hankali. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ina wankewa yana gogewa, ba mai kallon wani. Can ya ce, "Kana tsammani ban san gindin kwano ba? Kafin a haifi uwarka nake juya su. Ozella tana da kwano. Coretha tana da kwano. Kakata ba ta da shi. A gidan haya ta mutu, aka watso kayanta waje. In tebur ne, a ina za ta zauna? Ita da duk waɗanda na tono?"

Na jawo wani kwano. Na ci gaba da wanke-wanke.

Ya ajiye tawul ya nufi kantar marayu. Ya ɗaga ɗaya, ya juya, ya ajiye. Ya ɗaga wani, wani tsohon kwanon ƙarfe mai lotsattsen baki, ya juya. Ba komai a gindinsa sai tabon inda salatif ya taɓa zama.

"Wannan na wa ne?"

"Allah kaɗai ya sani," in ji Mama Idella. "Ruwa ya ci sunan. Irinsu suna da yawa a baya can."

Ya daɗe riƙe da shi. A waje an fara waƙa, wani yana buga tebur. Sannan ya ce, "Akwai salatif?"

Ta buɗe durowa ta miƙa masa. Ya ciro biro daga aljihu, ya ɗora kwanon a kife a kan gwiwarsa, ya rubuta sunan kakarsa: Lula Bell Tate. Ya danne salatif ɗin da babban yatsa daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ban ce kuna da gaskiya ba," ya ce, har yanzu bai dube ni ba. "Mutane malalata ne, za su wuce ba su ɗaga ba. Saboda haka ni zan tsaya a bakin teburin kullum, duk wanda ya shigo sai ya ɗaga. Kuma tun ina yaro kowane gidan tarihi na shiga, abin da ke rubuce shi ne kada a taɓa. A namu ka rubuta a taɓa, da manyan haruffa. Manyan haruffan nan dai sai na same su."

Na ce, "Za su fasa wasu."

Mama Idella ta ce, "Kwanon da bai taɓa tsagewa ba, ba a aike shi ko'ina ba. Ku matsa mini daga bakin famfo, ku biyun nan kun fi wanke-wanken yawa."

Litinin na kai aikinki maɗaba'a, yadda kika bar shi. Ba bango. Kada ki ɗauka a banza muka samu. Wani mai kamfanin gine-gine da ya ji cewa kwanonsa zai zauna kusa da na Willa Mae Suggs, girma ɗaya, kuma sai an ɗaga za a san shi, ya janye alkawarinsa na ba da kuɗi. Tutocin da kika zana don a rataya a fitilun titi ba za su fito ba. Na so in je ofishinsa in faɗa masa abin da ke raina. Na kai har bakin mota, na tuna da ke a wurin danja, na koma shago. Dakta kuwa yana can ɗakin ƙasa kullum da akwatin takardunsa, yana bai wa kwanukan da ruwa ya ci sunayensu sunayen da ba su da kwano. Har yanzu bai yafe mini maganar zinariya ba, ban kuma ga laifinsa ba. Amma jiya ya kira ni Ashana.

Saura abu ɗaya, kuma a kansa na saɓa da kowa. Dakta ya ce a kawo shuɗin kwanonki a sa a kan teburin. Renita ta yarda. Ni na ƙi. Waɗanda ke teburin nan sun gama aikinsu, hutawa suke. Naki da ɗuminsa ya zo hannuna, kuma kin ce na san doka.

Na kira Mama Idella ta koya mini taliya da cuku ta waya, tana yi tana zagina. Gefen ya ƙone, tsakiyar ta yi ruwa. Na rufe da takardar alminiyam na sa a mota. Jana'izar Kentrell ta wuce da makonni, an watse, motocin da suka cika layin duk sun tafi. Na hau matakala na ƙwanƙwasa. Uwarsa ta buɗe, sanye da rigar da na buga, wadda yake dariya a jiki.

"Mai riguna? Na manta wani abu ne?"

"A'a, Mama. Abinci ne."

"Wa ya aiko?"

"Ki ci kawai. Ba daɗi sosai, amma da zafinsa."

Ta karɓa da hannu biyu, ta tsaya tana kallon takardar alminiyam ɗin. Na juyo kafin ta ce wani abu.

Ban dawo miki da kwanonki ba, Miss Ozella, domin ba gidan da zan kai shi. Amma ban bar shi wayam ba. Yau ko gobe matar nan za ta tsaya a bakin famfo ta juya shi, ta karanta sunanki da hannunki, ta tambayi wani wace ce Ozella Boykin. Za a gaya mata. Kuma da yake ba inda za ta mayar, sai dai ta cika shi ta kai gaba, garin nan ba ya rasa gidan da aka watse aka bari. A baje kolin da kika zana daga farko har ƙarshe, babu sunanki a ko'ina. Na san haka kike so, ko da yake ni abin yana ci mini rai.

Ni ba mai yawan addu'a ba ne, kin sha yi mini gori a kai, amma ga wadda na iya. Ubangiji ya jiƙanki, ya gafarta miki, har da kaifin harshen da kika bar mini gado. Ya sanyaya makwancinki. Shi da ke ganin gindin kowane kwano ba sai ya ɗaga ba, ya mayar miki da naki a cike.

Ina miƙa ta'aziyya ga Renita da mijinta da yaransu, ga ƙanenki Kawu Cleotis da bai iya tsayawa a bakin kabari ba, ga Mama Idella da dukan matan zumunta, ga maƙwabciyar da ta kashe famfon, da kuma ga Dakta Hairston, wanda ya rasa abokiyar gardamar da ta dace da shi ya saura da ni. Allah ya ba mu haƙuri, ni musamman, domin nawa ya kusa ƙarewa. In tamu ta zo, ya sa a sami mai kawo abinci bayan an watse.

Tavion Rucker (Ashana)
Memphis